Kamu Uku Daga Likkafanina

Roni, ƙasar Kazaure,
cikin watan Safar, 1371.

Zuwa ga yayana Hamma Halliru, a Madani, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin da ya kamaci ƙanwa a gaban wanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk mai cin tuwo a gidanka. Allah ya ƙara maka ƙarfin ido da na gwiwa, ya tsare ka daga zazzaɓin ƙasar ruwa, ya sa kana da rabon sake shan ruwan rijiyar gidanmu kafin ɗayanmu ya riga ɗaya. In ka tambaye mu, muna nan lafiya, sai godiya.

Damina ta yi kyau bana. Geron gonar bayan dutse ya cika rumbu, har ƙaninmu Daudu ya gina wani ƙarami a gefe. Saniyar nan mai karyayyen ƙaho, jikar wadda ka bari, ta haifi mace. Shi Daudun furfura ta fara kama masa gemu, yana tsinke ta a ɓoye, yana tsammani ba ma gani. Gwiwoyina kuwa sun zama malaman duba, kwana biyu kafin hadari sukan sanar da ni. 'Yarka Ma'u tana ɗakinta a Babura lafiya, mijinta Sheriff yana riƙe da ita da mutunci, ban taɓa jin ta kawo ƙararsa ba. Jikanka kuma takwaranka ya shiga wata na goma, da haƙora biyu a ƙasa, an ce in ba goya shi aka yi ba sai a tsince shi a bakin murhu.

Takardarka ta iso ran Juma'ar da ta wuce. Ban kai wa kowa ya karanta mini ba, da idona na bi ta, da ajamin da mahaifinmu Baffa ya koya mana a allo guda. Sau uku na karanta. A na farko murna na yi da ganin hannunka. A na biyu murnar ta gudu. A na uku na ninke ta, na tura ƙarƙashin tabarma, na zauna a kanta har la'asar. Ka ce labari ya zo maka daga Hajja Kaka, uwar mijin Ma'u, wai na naɗe jikanka a cikin likkafani. Ka ce in farke abin da na ɗinka, in ɗauki goro in tafi Babura in ba da haƙuri, don kada auren 'yarka ya girgiza. Har ka ƙara da cewa da na shawarci wani namiji a dangi, da ban yi wannan ɓarna ba. Hamma, shekara goma sha biyar ke nan da ka miƙo mini Ma'u tana 'yar shekara uku, uwarta Dela ba ta cika wata biyu a ƙasa ba, ka ce Makka za ka je ka dawo. Na yi mata kitso, na yi jinyar ƙyandarta, na aurar da ita, ban ga namijin da ya zo da shawara ba. To gyara zama. Zan ba ka labarin daga tushe, a hankali, yadda Inna take ba mu nata, sa'an nan ka sake hukuncinka.

Da cikin Ma'u ya kai wata bakwai aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Wata safiya ina kallonta tana wucewa da ƙyar tsakanin ɗaki da madafa, sai na kama lissafa waɗanda yaron nan zai zo bai tarar ba. Ba Inna, ba Baffa, ba Dela da za ta ce kakarsa ce, kai kuma kana can bayan kogunan da ban san sunansu ba. Ranar suna dangin uba za su cika gida, mu kuwa daga ni sai Daudu. Sai na jawo adudun Inna na buɗe. Ga bunun da take ɗaurawa ran salla. Ga guntun rawanin Baffa. Ga zanen saƙin Dela wanda na kasa bayarwa. Ga rigarka tsamiya, wadda garwashi ya huda a hannu ranar da barci ya kwashe ka a bakin wuta kana riya cewa karatu kake yi. Na tuna wata Hajiya da ta taɓa sauka gidanmu a hanyarta ta komawa Katsina, tana da wani bargo na ƙyalle-ƙyalle da aka yi wa ciki da auduga, ta ce a wajenku ta samo shi. Ka ga dabarar ma daga ƙasarku ta zo. Na ce a raina zan haɗa mutanen nan duka wuri guda, su rufe yaron tare, tunda ba za su ɗauke shi ba.

Ka san ɗinki aikin maza ne, ni kaɗi na iya, allura kuwa in ba banki ba ban taɓa sa ta wani aiki ba. Amma ka kuma san cikin fari ba a maganarsa, ba a kuma yi wa abin da bai zo duniya ba tanadi a bainar jama'a. Da na kai ƙyallayen nan wurin maɗinki na ce a yi mini bargo ɗan kamu uku, kafin azahar duk Roni ta san na wane ne. Saboda haka na zauna da kaina, kullum da hantsi lokacin da idona yake gani. Na gurza auduga na fitar da angurya, na shiɓe ta har ta tashi kamar kumfar madara. Da Ma'u ta tambaya, na ce mata shimfiɗa nake yi wa gwiwoyina saboda salla. Ta ce Allah ya sauwaƙe, Gwaggo. Daga ranar, duk sanda na ajiye allura na juya, sai in tarar an zura mata zare. Ba ta taɓa kallon bargon a gabana ba, ni ma ban taɓa yi mata godiya ba.

Na farkon da na yi abin dariya ne, kuma gara ka ji daga bakina. Ɗinke shi na yi kamar jaka, na cusa audugar, na rufe baki. Ina ɗaga shi sai duk audugar ta gangara ta taru a kusurwa ɗaya, ya koma kamar akuyar da ta yi ɓarna a gonar wake. Kwana uku ban kula shi ba, fushi nake yi da shi. Ran kasuwa na je na tsaya a kan mai ɗinkin akumari, ina kallon yadda yake bin abinsa layi-layi don kada cikin ya gudu. Na daɗe a tsaye har ya ɗago ya ce, Adda, jaki aka yi ne? Na ce masa a'a, amma ina sa rai. Na dawo gida na farke duka, na sake daga farko, layi bayan layi, tsakaninsu faɗin yatsa biyu. Yatsan nan nawa na tsakiya har yau bai yafe mini ba.

Yanzu ga wurin da aka kai maka ƙarata. Saman bargo ya haɗu, saura gefen da zai taɓa fatar yaro. Bunu da saƙi suna zubar da shuni, da na sa su a ciki da an ɗauko jariri kamar an tsamo shi daga karofi. Akokon kanti kuwa ka san shi, tauri kamar busasshiyar fata, ga wari, ga shi kuma sai na je na saya a gaban mutane. Na zazzage ɗakina kaf, fari mai laushi guda ɗaya ne a ciki, shi ne wanda na ajiye wa kaina. Shekara ashirin da biyu ke nan da na kaɗa zarensa, shekarar da mijina ya rasu, da audugar gonar Baffa, siriri ƙwarai, damina biyu na yi a kansa. Haladu masaƙi ya saƙa mini. Duk bayan sallar layya nakan fito da shi in wanke, in shanya, in turara, in mayar. Wanki ashirin da biyu ya mai da shi kamar cikin kunnen ɗan maraƙi. Na shimfiɗa shi a gado, na dube shi ya dube ni. Na ce masa, ni dai in an sa ni a cikinka ba zan san kana da laushi ba, amma ga wanda zai sani yana tafe. Na auna kamu uku, na yi bisimilla, na sa almakashi. Wallahi Hamma ban yi da-na-sani ba. Abin da na ji shi ne daɗi, irin wanda mutum yake ji in ya sami abin da zai ba baƙon da ya zo ba shiri.

Allah ya sauke Ma'u lafiya ana tsakiyar sanyi, namiji. Tun daga wankan farko a cikin bargon yake, bai yi ko tari ba. Ranar suna mutanen Babura suka zo, Hajja Kaka a gaba, da 'yarta Fanna, da turarensu da ya cika mana gida har kwana uku. Ka san su mutanen Barno ne asalinsu, ba su wasa da fita kunya. Sheriff ya sa wa yaro sunanka, Allah ya yi masa albarka. Da safiyar ita kanta Hajja Kaka ta juya bargon a hannunta, ta ce ba ta taɓa sanin matan Roni suna da irin wannan hannu ba. Ka riƙe wannan, don na tabbata ba ta sa shi a takardarta ba. Da hantsi aka fita da yaro zaure wurin wanzami, a naɗe a ciki. To Haladu yana cikin zauren. Ya tsufa, ya kurumce, in ya ce zai yi raɗa ana jin sa daga masallaci. Daudu ya ce yana ganin gefen bargon ya miƙa hannu ya murza farin tsakanin yatsunsa, fuskarsa ta washe, ya ce ai wannan saƙarsa ce, likkafanin Adda Abu ne, ko a cikin dubu zai gane shi. Bai tsaya nan ba. Ya kama hannun baffan Sheriff ya ce taɓa ka ji, bawan Allah, shekara ashirin da biyu ko zare ɗaya bai ɓalle ba, ina na kanti zai yi haka? Daudu ya ce askar wanzami a sama ta tsaya. Ba mugunta Haladu ya yi ba, talla yake yi. Amma har yau in na hango shi a hanya sai in sake hanya, don ina tsoron abin da bakina zai faɗa wa dattijo.

Ranar ba wanda ya ce mini komai. Aka ci, aka sha, aka yi addu'a, aka watse. Ma'u ta gama wankan jego, na shirya mata gara daidai ƙarfina, na ninke bargon na ɗora a saman kayan, aka raka ta ɗakinta. Bayan mako guda sai ga Fanna a ƙofar gida a kan jaki, ta sha rana. Ta sauke wani abu naɗe a cikin tabarmar kaba, an ɗaure da igiya, kai ka ce abin da ke ciki yana cizo. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce Hajja tana gaishe ni, tana godiya da ɗawainiya, amma ta ce a faɗa mini su a gidansu ba su yi jana'iza bana ba, kuma ba sa nema. Yarinyar kirki ce Fanna, tana faɗa tana kuka. Na ba ta fura, na sa aka ba jakinta ƙaiƙayi, na tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta juya na kwance igiyar.

Hamma, an taɓa mayar maka da kyauta? Ba a taɓa ba, shi ya sa alƙalaminka ya yi saurin cewa in ba da haƙuri. Kuma da mayarwar ce kaɗai da na haɗiye. Abin da aka ce da ni a cikin tabarmar nan shi ne na yi wa ɗan Ma'u fatan mutuwa. Ni! Ni da na dafa ruwan wankan uwarsa safe da yamma kwana arba'in, har itacen gidanmu ya ƙare na shiga na Daudu. Wa zai koya mini likkafanin jariri? Sau uku na ga ana yanka shi a ƙofar ɗakina, kana nan a biyu daga ciki, kai ka ɗauki na farkon zuwa bayan gari. Ɗan ƙyalle ne, ana yaga shi a tsaye, ba mai bin sa layi-layi da allura, ba mai damuwa ko yana da laushi. Wadda ta yi wata biyu tana huda yatsunta don kada auduga ta gudu ta bar ƙafar yaro a sanyi, ba kabari ne a ranta ba. Kwana goma na yi ina wannan zance ni kaɗai, ina faɗa wa tukunya, ina faɗa wa kaji. Ran na goma sha ɗaya na ce wa Daudu ya ɗaura wa jaki akumari.

Muka kwana Kazaure, muka kwana Kanya Babba, rana ta uku muka shiga Babura, ana zafin bazara, bargon yana kan cinyata ba a cikin tabarma ba. Hajja Kaka ta karɓe ni karɓar da ban taɓa samu ba. An yanka kaza, an shimfiɗa mini darduma, ta gaishe ni har gaisuwar da na sani ta ƙare ita tata ba ta kai rabi ba. Amma yaron yana bayan Fanna tun da na shiga. In na miƙa hannu sai a ce ai yanzu ya yi barci. In ya farka sai a ce zai sha nono. In ya sha sai a ce a bari ya faɗa masa. Kwana biyu ƙeyar jikanka kawai nake gani. Ban taɓa sanin ana iya korar mutum da naman kaza ba sai a gidan nan.

Sheriff, bawan Allah, ya rasa inda zai sa kansa tsakanin uwarsa da ni. Ya je ya tambayi limaminsu, ya dawo ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce liman ya ce farin da ba a sa wa gawa ba fari ne kawai, ko riga aka ɗinka da shi babu laifi. Hajja Kaka ta ce tana gaida liman, Allah ya ƙara masa ilimi, amma a tambaye shi sau nawa ya taɓa yin naƙuda. Sa'an nan ta juyo wurina. Ta ce ita bakwai ta haifa, biyu ne suke tafiya a ƙasa. Ta kama yatsunta ta kira sunayen biyar ɗin, ɗaya bayan ɗaya, da watannin da kowanne ya yi. Ta ce wannan ne jikanta na fari, kuma ko inuwar abin nan ba ta so ta gifta ta kansa. Gaskiya ban zo da shirin wannan ba, faɗa na zo yi. Sai na kama nawa yatsun na kira mata ukuna. Kada ka ɗauka shiryawa muka yi. Ita tana nan a kan bakanta, ni ma ina kan nawa, sai dai kowacce ta san wadda take gabanta ba mahaukaciya ba ce.

Duk wannan abu Ma'u tana gefe tana tsince wake, kanta a sunkuye, kamar ɗan maƙwabta ake magana a kai. Me za ta ce? Ɗan fari ne, ga shi da sunan ubanta, ko kallonsa ba ta yi a gaban manya, balle ta buɗe baki ta ce tana so a rufa masa wani abu. Ni har na fara ninke bargon in mayar cikin kayana. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta ko ɗago ba. Wai Gwaggo, tun da ta gama wanka ƙugunta yake ciwo, tabarmar ɗakinta kuma tauri gare ta, in ba wani abu za a yi da tsumman nan ba, a bar mata ta riƙa zama a kai. Tsumma, Hamma! Wata biyu na aikina. Na buɗe baki zan yi magana, sai na lura waken da take tsincewa tun ɗazu tsakuwar take zubawa a ƙwarya, waken a ƙasa. Na rufe bakina. Hajja Kaka ta daɗe tana kallonta, sa'an nan ta ce ita dai yaro ta hana, babbar mace kuwa ita da mazaunanta.

Washegari da rana ta ɗaga na shiga ɗakin Ma'u in yi mata sallama. Bargon yana shimfiɗe a tsakar ɗaki, farin a sama, takwaranka yana kwance a kai, ya ɗaga hannuwa biyu sama, yana barci da baki buɗe kamar yadda kake yi. Ita kuwa ta juya wa ƙofa baya tana goge kwanukan da ba su da ƙura. Na ce wa ya kwantar da shi nan? Ta ce wa bango wai tashi ta yi ta ɗebo ruwa, ta dawo ta tarar ya mirgino. Yaron da bai cika wata uku ba, ko wuyansa bai gama tsayawa ba, ya mirgino taku huɗu daga ƙuryar ɗaki, ya kuma daidaita kansa a tsakiya. Ina tsaye sai na ga haske ya ragu a ƙofa. Hajja Kaka ce. Na gyara tsayuwa, na tattaro duk maganganun da na yi wa kaji kwana goma. Ta dubi yaron, ta dubi bargon, ta dubi ƙeyar Ma'u. Can ta sunkuya ta jawo kusurwa ɗaya ta rufe masa ƙafa, ta ce ƙudajen Babura ba su da kunya. Sa'an nan ta ɗauke shi, da bargon da komai, ta ɗora mini a hannu, ta ce in riƙe mata shi, zaninta zai kwance. Na dubi zanin, ɗaure yake tamau. Ta kwance shi da kanta, ta sake ɗaurawa, bai yi mata ba, ta sake. Har Daudu ya yi sallama sau uku daga zaure ba ta gama ɗaura zanin nan ba.

To ka ji, Hamma. Takardar da Hajja Kaka ta sa aka rubuta maka tun kafin zuwana ta tafi, hukuncinka kuma ya iso bayan wata bakwai da tashin shari'a. Ba zan farke ko zare ɗaya ba, kuma ba zan kai goro ba. Ba taurin kai ba ne kawai, ko da yake akwai shi. Har yau a gidan nan sunan bargon mazaunin Ma'u, kowa ya san wanda yake kwana a kai, ba kuma mai faɗa. Ranar da na shiga da goro ina cewa a yafe mini likkafani, na kira abin da sunansa a gaban jama'a, dole Hajja Kaka ta sake naɗe shi a tabarma don ta tsare maganarta. Saboda haka ina roƙonka, don darajar Inna, kada ka rubuta mata komai a kan wannan. In za ka rubuta, ka gaishe ta, ka yi mata godiyar riƙon 'yarka, ka tsaya nan. 'Yar da ka bari tana tsotsar yatsa ta kashe wutar da liman ya kasa kashewa, ba ta ko ɗaga kai daga ƙwaryar wake ba. Kada ka zo daga Sudan ka hura ta. Kuma tunda ba ka tambaya ba zan faɗa maka: Fanna ta ce duk cikin ƙyallayen, naka yake so. Hudar nan ta garwashi da na bari ban toshe ba, nan yake zura yatsa in zai yi barci, kusurwar kuma ya tsotse ta har ta koɗe.

In kana son yin wani abu a cikin maganar nan, ga aikin da ya dace da namiji a dangi. An ce kana zaune a tsakiyar gonakin audugar da ido ba ya ganin ƙarshensu. Ka aiko mini da fari kamu uku ta hannun duk wanda yake tahowa. Ba sai mai laushi ba, na riga na gaya maka ba zan sani ba. In kuma Allah ya sa bana ce shekarar da za ka ƙarasa tafiyar nan ta Makka da ka fara tun ina da haƙorana duka, ka tsoma shi a zamzam.

Ka gaida matarka Mairo da kyau, ka ce na gode da kulawar da take yi maka, na san ba ƙaramin aiki ba ne. Ka shafa mini kan Sama'ilu da Muhammadu Lawal, ka riƙa gaya musu suna da gwaggo a Roni mai rumbu cike da gero. Daudu da iyalinsa suna gaisuwa. Sheriff ya ce a miƙa maka gaisuwar suruki. Ma'u ba ta ce komai ba da na aika mata cewa zan rubuta, amma ta aiko da daddawar da za ka tarar a ƙunshe tare da takardar nan. Haladu ma ya ce a gaishe ka, duk unguwa ta ji.

In farin bai iso ba har kirana ya zo, kada ka damu. Na riga na yi wa Daudu wasiyya a gaban shaidu cewa ko an rasa, kada wanda ya kuskura ya nufi Babura neman ciko. Jiya na fito da ragowar na shimfiɗa, na kwanta a kai na gwada. Ashe tsufa ya rage mini tsawo fiye da yadda nake zato. In aka ɗan lanƙwasa mini gwiwa zai kai, su kuwa gwiwoyin sun daɗe ba su miƙe ba dama.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Abu.